Gengo Mai Awara da Wasan da Ba Shi da Alƙali

A Oshioura in ka ce Gengo Kuramochi sai an ɗan tsaya tunani, amma in ka ce Gengo mai awara, kowa zai nuna maka shagon, can ƙasan gangaren da ke sauka tashar jiragen kamun kifi. Gadon shagon ya yi a wurin mahaifinsa, har da tukwane da tsohon injin markaɗe. Da asuba yake markaɗa waken suya, kafin ƙarfe bakwai awara ta kwanta cikin ruwan sanyi fara sol, kafin tara ya gama kai wa gidajen abinci tasu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa kullum jajur saboda ruwa. Murya kuwa, matarsa Harue takan ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin sirri daga bakinsa ba wanda maƙwabta ba su riga ta ji ba.

Muryar nan tana da dalili. Shekara ashirin da shida Gengo ya yi yana alƙalancin wasan besbol na yara, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, kyauta, duk Asabar da Lahadi. Ya sa garkuwar ƙirji, ya rufe fuska da raga, ya tsuguna bayan mai cafe ƙwallo. In ya daka tsawa ya ce "Ya fita!" sai tsuntsayen teku su watse daga rufin makaranta. Ba a taɓa kama shi da son kai ba, kowa ya shaida. Sai dai akwai abin da ya fi so fiye da wasan kansa, wato lokacin da gardama ta tashi, ƙura ta lafa, yara da iyaye duk suka juyo suna kallonsa. A nan yakan ɗan ja numfashi, ya gyara hula, ya bar su su jira.

Sai yara suka fara ƙarewa a garin. Matasa sun tafi Osaka da Nagoya neman aiki, ba su dawo ba sai hutun sabuwar shekara. Ƙaramar sakandaren garin ta koma ɗalibai arba'in da ɗaya. Besbol na bukatar mutum tara, aka wayi gari wata shekara yara shida ne suka rubuta suna. Aka rufe ƙungiyar. Gengo ya rataye garkuwarsa a ɗakin ajiya, sama da buhunan wake.

Amma alƙalanci bai bar jikinsa ba, gida kawai ya dawo da shi. Ya yanke hukunci kan gishirin miya. Ya yanke kan yadda maƙwabci ke ajiye mota. Ya tsaya a ƙofar shago yana gaya wa masu kwasar shara cewa sun makara da minti huɗu. Harue ta yi haƙuri shekara biyu, ta fara tunanin tafiya wurin 'yarsu Rie a Kobe ta ɗan huta.

A wannan tsakanin ne Natsue Shiomi ta dawo gida. 'Yar garin ce, ta gama jami'a ta zo ta kama aiki a kantin maganin gwaggonta. A jami'a ta yi shekara huɗu tana wasan jifan faifai, sai ta je ta sami shugaban makaranta ta ce masa ga wasan da ya dace da su: mutum bakwai ya isa, maza da mata tare, kayan wasan kuwa faifan roba ne guda da fili. Shugaban ya yarda, da sharaɗi biyu. Malam Utsumi mai koyar da kimiyya zai sa hannu a matsayin mai kula, kuma a samo wani babba da zai riƙe yara daga ƙarfe uku da rabi, tun da Natsue ba ta tashi aiki sai biyar.

Harue ta je sayen man zafi na ciwon baya ta ji wannan labari. Ko shawara ba ta tsaya yi ba, ta ba da sunan mijinta.

"Baban Rie, na samo maka aiki," ta ce da ta dawo.

"Ina da aiki."

"Na yamma nake nufi. Makaranta na neman koci."

Gengo ya ajiye ludayin da ke hannunsa. "An dawo da besbol?"

"Kusan haka ne. Ana gudu, ana jifa, ana cafewa. Je ka dai ka gani."

Ran Asabar ya isa filin makaranta cikin baƙar rigar alƙalanci, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ya tarar da yara tara, biyar mata huɗu maza, da Malam Utsumi zaune a benci yana duba takardun jarrabawa, da Natsue riƙe da farin faifai kamar murfin bokiti. Ya san ta tun tana zuwa sayen awara da kwano ana riƙe mata hannu. Ta yi masa bayani a taƙaice. Wanda faifai ke hannunsa ba ya tafiya, sai dai ya jefa wa ɗan'uwansa kafin a ƙirga goma. In faifai ya faɗi ƙasa ko ya fita waje, ya koma hannun abokan karawa. A kowane ƙarshen fili akwai fage da aka shata, wanda ya cafe a cikinsa ya ci.

Gengo ya gyaɗa kai. "Ba laifi. Alƙali a ina yake tsayawa?"

"Babu alƙali, Kawu."

"Bai iso ba ne?"

"Babu shi a wasan sam."

"To in wani ya yi laifi fa?"

"Wanda aka yi wa ya faɗa."

"In wancan ya ce bai yi ba?"

"Su tsaya su tattauna. In sun kasa daidaitawa, faifai ya koma hannun wanda ya jefa, a sake."

Gengo ya dube ta, ya dubi yaran, ya dubi Malam Utsumi ko zai cece shi, malam bai ɗago kai ba. "Natsue," ya ce, "wannan ai taron unguwa ne kika kawo mana, ba wasa ba."

Da ya koma gida ya ce ba zai ƙara zuwa ba. Harue ta ce to, ta ci gaba da yanka albasa. Ran Litinin ƙarfe uku da kwata ya ce zai je ya gaya musu da bakinsa, don ba mutunci ba ne a bar yara suna jira. Bai dawo ba sai shida, da ciyawa a gwiwar wandonsa.

Jifa dai bai taɓa iyawa ba, gara a faɗi gaskiya. Hannun da ya saba da ƙwallo ya ƙi yarda cewa faifai lallaɓa shi ake yi. In ya cilla, sai faifan ya tashi kamar abin kirki, ya karkace, ya tafi inda ya ga dama. Sau uku aka shiga tafkin ninƙaya na makaranta da sandar kamun kifi. Sau ɗaya ya sauka gonar kabejin da ke bayan katanga, mai gonar ya dawo da shi washegari, ya ce in Gengo na son kabeji ya yi magana kawai. Yara suka riƙa cewa, "Koci zai jefa, kowa ya tsare kansa!" Yakan harare su, amma bai taɓa fushi na gaske ba.

Abin da ya iya kuwa ya iya. Babu mai zana layi da farar ƙasa kamar shi, miƙaƙƙe kamar an ja da zare. Shi ya koya wa yara yadda ake tsayawa a gaban mai jifa, gwiwa a lanƙwashe, ido a kan cibiyarsa ba a kan hannunsa ba. Shi ke tuƙa motar majalisar gari in za a je wasa wani gari. Kullum yana zuwa da soyayyar awara cikin akwatin katako da shayin sha'ir mai sanyi, har aka ce rabin waɗanda suka shiga ƙungiyar a shekara ta biyu ƙamshi ne ya jawo su. Natsue ta riƙe dabarun wasa, Gengo ya riƙe sauran, ba wanda ake biya ko sisi. Suna musu kullum. Ita ta ce yana gajiyar da yara da gudu, shi ya ce tana cika su da zane-zane a allo kamar masu shirin yaƙi.

Matsalar ɗaya ce, bakinsa. Natsue ta kafa masa doka cewa in gardama ta tashi tsakanin yara, ko uffan kada ya ce. Ya yi alkawari, ya kuma cika, don Gengo ba ya saɓa alkawari. Sai dai ya kamu da wani irin tari. Yaro ya taka layi, Gengo ya yi gyaran murya. Yarinya ta bugi hannun mai jifa, Gengo ya yi tari biyu. Ba a yi wata guda ba yara suka gane karatun. In musu ya tashi sai su yi shiru su kasa kunne wajen layi.

"Kawu, tarin nan naka ya dame ni," Natsue ta ce masa wata rana.

"Iskar teku ce."

"Haka na yi zato. Abin mamaki sai an yi laifi take kaɗawa." Ta ciro leda cike da alewar tari daga jakarta. "Ɗaya a baki duk lokacin da ake wasa. Kada a tauna, a tsotsa."

Haka Gengo ya koma tsugunne a kusurwar fage, tafukansa a kan gwiwoyi, kumatu a kumbure da alewa, yana kallon yara 'yan shekara goma sha uku suna warware abin da shi zai yanke cikin ƙiftawar ido. Wani lokaci su yi daidai, wani lokaci su kauce. Ranar da suka kauce, Harue ce ke shan labarin har a gama cin abinci.

A kakar shekara ta uku suka je gasar lardi, a babban filin da ke gefen kogi. Yaransu goma sha ɗaya. Kyaftin ɗinsu Tomoe Hirasawa ce, doguwar yarinya 'yar ajin ƙarshe, mai ƙarancin magana, wadda ke cikin tara na farko. Suka ci wasa biyu da safe, abin da bai taɓa faruwa ba. Malam Utsumi har ya rufe takardunsa ya miƙe tsaye. Da rana suka haɗu da wata makaranta daga babban birnin lardi a wasan kusa da na ƙarshe, yara ashirin da huɗu masu riguna iri ɗaya da koci uku.

Lokaci ya ƙare ana kunnen doki, ci takwas da takwas. Wanda ya ci na gaba ya wuce.

Faifai ya zo hannun wani yaron Oshioura a tsakiyar fili. Ya hango Tomoe ta tsere wa mai tsaronta, ya saki doguwar jifa. Iska ta ɗan tura faifan zuwa kusurwar da Gengo ke tsugunne. Tomoe ta yi tsalle ta cafe da hannu ɗaya, ta sauka, ta gangara waje ta faɗi kusan a kan takalmansa. Yaran Oshioura suka ɓarke da ihu suka rugo.

Yaron da ke tsaronta, wani siriri mai tabarau, ya ɗaga hannu. "Ina ganin a waje ta sauka," ya ce.

Tomoe ta tashi tana kakkaɓe gwiwar hannu. "Ka tabbata?"

"Ban tabbata sosai ba. Ina bayanki. Ke fa?"

"Faifai nake kallo, ban ga ƙafata ba."

Bisa ƙa'ida, nan ya kamata faifai ya koma hannun wanda ya jefa a sake. Amma kyaftin ɗin 'yan birni ya matso ya nuna Gengo da ladabi. "Wannan kawun ai a kan layin yake zaune. In kin yarda mu tambaye shi, abin da ya ce shi ke nan."

Tomoe ta yi murmushi karon farko a ranar. "Na yarda."

Yara goma sha huɗu suka juyo. Iyaye suka juyo. Kocin birni uku suka juyo. Natsue daga can gefe ta gyaɗa masa kai. Shekara uku Gengo yana jiran a kalle shi haka.

Ya kuma gani sarai. Ƙafar hagu ce ta fara taɓa ƙasa, kuma bakin takalmin ya ɗan hau kan layi, bai kai faɗin yatsa ba. A wannan wasa layi waje ne. Bai gyara hula ba, bai ja lokaci don daɗi ba. Alewar ce ta maƙale masa, sai da ya haɗiye ta da ƙyar. Ya buɗe baki ya yi magana.

"Gafara dai, Kawu," in ji kyaftin ɗin birni, yana ɗan sunkuyowa. "Ba mu ji ba. A ɗan ɗaga murya."

Tun da aka haifi Gengo ba a taɓa ce masa haka ba.

"Ta taka layi," ya ce. "A waje take."

Tomoe ta dube shi na ɗan lokaci. Sai ta ajiye faifan a ƙasa, ta koma ta tsaya gaban wanda za ta tsare. 'Yan birni suka ɗauka, jifa bakwai, suka ci.

Suka shiga mota suka kama hanyar komawa. Akwatin awara ya zagaya ya dawo ba a ci rabi ba. Natsue na zaune gefen Gengo, sai da suka wuce rami na biyu da hanya ta ratsa ta cikin dutse ta yi magana a hankali.

"Da ka ce ba ka gani sosai ba, da an sake jifar."

"Na gani."

"Na sani, Kawu. Faɗa kawai na yi."

Washegari, shago na buɗewa, tsohuwa Kinu ta shigo. Kakar Tomoe ce, mai shanya kifi a bakin tasha, shekararta tamanin ba ɗaya, tsayinta bai wuce teburin shagon ba da yawa.

"Gengo! Ni na goya ka ranar da uwarka ta je asibiti haihuwar ƙanwarka. Ka tuna?"

"Na tuna, Inna."

"Shekara arba'in ina cin awarar gidan nan, har wadda ba ta kwanta da kyau ba. Na taɓa kai ƙararka?"

"Ba ki taɓa ba."

"Shi ne za ka tsaya gaban mutanen birni ka kunyata jikata saboda yatsa ɗaya?"

"Bai ma kai yatsa ba," in ji Gengo, don gaskiya ta fito daidai.

Harue ta ce a ranar ta tabbatar mijinta ba shi da wayo ko kaɗan. Kinu ta fita da kwanonta ba komai, ta hau bas ta je babban kanti ta sayo awarar leda. Kwana tara ta yi tana wucewa ta gaban shagon da ledar a hannu, a ɗage, don a gani. Rana ta goma ta shigo ta ajiye kwano, ta ce ba yafewa ta yi ba, waccan ce kawai take ɗanɗanon jiƙaƙƙiyar takarda.

Shi kuwa Gengo bai je fili ran Litinin ba, ya ce gwiwarsa. Laraba ma ya ce gwiwarsa. Ran Juma'a da ƙarfe huɗu yana wanke tukunya ya ji an turo ƙofa. Tomoe ce, cikin kayan wasa.

"Koci, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya hannun?"

"Ya warke. Ya gwiwa?"

"To, da sauƙi."

Ta tsaya tana kallon awarar da ke cikin ruwa. "Na yi kuka ran Lahadi," ta ce. "Na ji haushinka har Litinin da safe. Ni na yarda a tambaye ka, kuma na yarda ne don na zaci za ka ce a ciki nake. Da na tuna haka sai na fi jin haushin kaina."

Gengo ya ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita.

"Malam Utsumi ne ke zana layi tun Litinin," ta ce. "Koci, ka zo ka gani. Filin ya lanƙwashe kamar ƙwayar wake. 'Yan aji ɗaya ba su san inda ake ci ba."

"Mai koyar da kimiyya?"

"Ya ce ya auna."

Gengo ya cire ƙyallen aiki ya rataye. Harue ta leƙo daga ciki ta tambaye shi gwiwar fa, shi kuwa har ya kai ƙofa. Suka hau gangaren tare, yarinyar a gaba, shi a baya yana haki.

Tomoe ta gama a watan Maris ta tafi babbar sakandare a birni, inda ta tarar da yaron nan mai tabarau a ƙungiya ɗaya da ita. Natsue ta yi aure, ta haihu, tana zuwa fili da jaririya a goye tana zane a allo. Gengo ya cika sittin da shida. Gwiwar da ya yi ƙarya da ita ta zo ta kama shi da gaske, likita ya hana shi tsuguno, sai ya riƙa zuwa da bokitin wake ya kifa a kusurwa ya zauna. Yaran sun kai goma sha huɗu. Kofi dai ba su ci ba tukuna.

Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne Kinu. Ƙanin Tomoe ya shiga ƙungiyar, tsohuwa ta ce ba za ta ƙara barin jininta a hannun Gengo ba tare da shaida ba. Ta fara zuwa kowane wasa da lema da 'yar kujera. Cikin wata biyu ta haddace dokoki, ko kuma waɗanda suka yi mata daɗi a ciki. Faifai bai isa ya taɓa ƙasa ba ta yanke hukunci da ƙarfi, kuma a wurinta ɗan Oshioura bai taɓa laifi ba. Kocin wasu makarantu suka kai kuka wurin Natsue. Natsue ta duba ta ga mutum ɗaya ne a garin ya san wannan ciwo daga ciki, ta ɗora wa Gengo aikin lallashinta.

Yanzu duk Asabar za ka gan su a gefen fili, shi a kan bokiti, ita a ƙarƙashin lema.

"Inna, don Allah a bar yara su daidaita da kansu."

"Kai rufa mini baki. Ba ka ga ya ture shi ba?"

"Na gani. Amma ba a tambaye mu ba."

"Ni ba na jira a tambaye ni."